Gahawar Kudancin Amurka da Man Shafawa "Na Asali": Me Muke Saye a Cikin Kwalin?

Kwanakin baya na shiga wani shago a Abuja, irin masu kawo kaya daga waje, ina neman gahawar da zan kai wa yayana tsaraba. Ya yi shekaru a Sudan, can ya saba da jabana, har yau shayi ba ya kashe masa ƙishinta. A kanta ɗaya na tarar da su jere. Ga jakunkunan gahawa masu sheƙi, wannan an rubuta Kolombiya, wancan Birazil, na gefe Peru. Daga dama kuma sabulai ne naɗe cikin takarda mai ruwan ƙasa, da ƙananan kwalabe na man shafawa masu hoton ganye. Yarinyar shagon ta matso ta ce, "Hajiya, duk na asali ne, babu haɗi ko kaɗan." Na ɗauki kwalba ɗaya na juya bayanta. Sunan farko a jerin abubuwan da aka zuba ruwa ne. Man kaɗanyar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba kuwa, sai can kusa da ƙarshen jerin na iske shi.

Ban ga laifin yarinyar ba, abin da aka gaya mata ta faɗa. Amma na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa kayan nan biyu, na sha da na shafawa, suke yawan zama a kanta guda. Dukkansu da suna ake sayar da su: sunan wata ƙasa mai nisa, da alƙawarin cewa abin tsarkakakke ne. Mai saye bai ga gonar ba, bai ga hannun da ya tsinko ba, cinikin biri a sama yake yi. Abin da ke gabansa rubutun kwali ne kawai. Wasu kalmomin da ke jikin kwalin akwai doka da awo a bayansu, ana iya kama mai ƙarya da su. Wasu kuma kowa na iya bugawa, babu mai tambayarsa. Raba waɗannan biyun shi ne duk aikin mai saye.

Gahawa, wadda wasu ke kira kofi, ba 'yar asalin Kudancin Amurka ba ce. Daga tsaunukan Habasha ta fito, Yaman ta fara nomanta don kasuwa, sannan ta bi jiragen Turawa ta zagaya duniya. A 1727 ta shiga Birazil ta hannun wani jami'i mai suna Francisco de Melo Palheta, wanda ya ɗauko irin daga yankin Giyana na Faransa. Manyan gonakin da suka ɗaga Birazil a ƙarni na 19, a kwarin Paraíba, bayi 'yan Afirka ne suka share su suka nome su, har zuwa 1888 da aka soke bauta a ƙasar. Tun wajen shekara 150 ke nan Birazil ke kan gaba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na gahawar duniya daga can take fitowa.

To amma "gahawar Kudancin Amurka" ba abu ɗaya ba ce, kuma a nan ne mai saye ya fi ruɗewa. A Birazil, musamman jihar Minas Gerais, akwai wuraren da ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, inji yake bi layi-layi yana kakkaɓe itatuwan. Galibi ana shanya 'ya'yan da ɓawonsu a rana har su bushe, sannan a ɓare. Gahawar da ke fitowa tana da kauri a baki, ba ta da tsami sosai, ɗanɗanonta ya karkata wajen soyayyar gyaɗa da cakulan. Jihar Espírito Santo kuma ta fi noman irin gahawar da ake kira robusta, wadda su suke kira conilon, mai ɗaci da ƙarfin hana barci kusan ninki biyu na ɗaya babban irin, wato arabika. Yawancin gahawar gwangwani da mai shayi ke ɗiba da cokali daga irin robusta ake yin ta.

Kolombiya wata duniya ce dabam. Gonakinta a jikin tsaunukan Andes suke, tsakanin mita 1,200 zuwa 2,000 sama da teku, inda inji ba ya iya hawa. Iyalai sama da dubu 500 ne ke noman, mafi yawansu gonarsu ba ta kai hekta biyar ba. Da hannu ake tsinka, jajayen da suka nuna kaɗai, a bar ɗanyu sai wani zagayen. A ranar ake cire tsokar, a bar ƙwarar ta kwana yauƙinta ya saki, a wanke da ruwa, a shanya. Wannan wankin ne ke ba ta ɗanɗano garau mai ɗan tsami irin na lemo. Wanda ya saba da gahawa mai ɗaci yakan ɗauka ta lalace, alhali tsamin nan shi ake biyan kuɗinsa. Yau lardin Huila ne ya fi kowane noma, ga kuma Nariño da Cauca da Tolima, ko da yake tsohon suna na wajen Caldas da Quindío da Risaralda yake, yankin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2011.

Abin da ya fi burge ni game da Kolombiya shi ne yadda manoman suka riƙe sunansu da kansu. A 1927 suka kafa tarayyar manoman gahawa ta ƙasa. Ita ce ke sanar da farashin kowace rana, ta kuma ba da tabbacin cewa manomin da ya sauko da kayansa daga dutse zai sami mai saye. Ita ta kafa cibiyar bincike ta Cenicafé a 1938, wadda ta fitar da irin gahawa mai suna Castillo a 2005, irin da ya ceci gonaki da yawa bayan cutar tsatsar ganye ta yi musu ɓarna daga 2008. Hoton manomin nan mai gashin baki da alfadarinsa, Juan Valdez, su suka sa aka ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1950, don mai saye a Amurka ya riƙa neman gahawarsu da suna. A 2007 Tarayyar Turai ta ba sunan Café de Colombia kariyar doka. Saboda haka tambarin da ke cewa ɗari bisa ɗari ta Kolombiya ce magana ce mai mai ita. Kwalin da ya ce gauraye ne mai ɗanɗanon Kolombiya kuwa bai yi maka alƙawarin ko kashi nawa ba.

Akwai kalmomin da ke cika baki amma abin da suke faɗa kaɗan ne. Supremo da Excelso girman ƙwara kawai suke nufi, gwargwadon ramin rariyar da aka tace ta. Babbar ƙwara na iya zama lami. "Arabika zalla" ma ba shaidar kyau ba ce, don akwai arabika ta ƙwarai akwai tarkace. Abin da nake nema a jaka shi ne sunan lardi ko ƙungiyar manoma, tsayin wurin, yadda aka sarrafa, sai kuma ranar da aka soya ta. Wannan ta ƙarshen ta fi duka. Ranar ƙarewar aiki da ake bugawa tana iya kai shekara ɗaya ko biyu, alhali ƙamshin gahawa cikin 'yan makonni bayan suya yake fara gudu, in an niƙa kuwa cikin kwanaki. Ɗan maɓallin da ake gani a jikin jaka hanyar fitar iskar da ƙwarar ke saki ce bayan suya, ba don a matsa a shinshina aka yi shi ba. A sayi ƙwara a daka a gida, ko da a ƙaramin turmi ne. Ban da ƙamshi, akwai batun algus: a cikin garin gahawa ne ake ɓoye ɓawo da soyayyar masara. Matsalar ta taɓa yin yawa a Birazil kanta, har ƙungiyar masu masana'antar gahawa ta ƙasar ta fito da tambarin tsarki a 1989.

Sai batun kuɗi, wanda ba ya fitowa a kwali. Farashin arabika a kasuwar New York ake yanke shi, da laba, wato gram 454. Har zuwa 1989 akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashe masu noma da masu sha wadda ke ƙayyade abin da kowa zai fitar. A watan Yulin shekarar ta rushe. Daga nan manomi ya koma hannun kasuwa. A 2001 laba ta faɗi ƙasa da senti 50, mutane suka bar gonaki. A 2018 da 2019 ta sake sauka ƙasa da dala ɗaya. A Yulin 2021 sanyi mai daskarar da raɓa ya ƙone gonaki a Birazil bayan fari, farashi ya tashi, kuma a Fabrairun 2025 ya haura dala huɗu, abin da ba a taɓa gani ba. Itacen gahawa yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya, don haka manomi ba ya iya bin wannan hawa da sauka. Wanda ya dasa a lokacin tsada yakan girbe a lokacin araha. Ana kuma buƙatar kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'ya kafin a sami kilo ɗaya na ɗanyar ƙwara, suya ta sake cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinta. Ribar mai tsoka tana wajen mai suya da mai kwali. Suwizalan da Jamus da Italiya ba su da gonar gahawa, amma suna cikin manyan masu samun kuɗi da fitar da soyayyiyarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tambarin Fairtrade, wato na cinikin adalci, ƙoƙari ne na toshe wannan ramin. A Agustan 2023 an tsayar da mafi ƙarancin abin da za a biya ƙungiyar manoma a kan wankakkiyar arabika a dala 1.80 kowace laba, da ƙarin senti 20 na ayyukan al'umma, da wasu senti 40 in ba a sa takin zamani da maganin feshi ba. Garkuwa ce ta ranar faɗuwar kasuwa, kuma ina ganin darajarta. Amma ƙungiyoyi da yawa ba sa samun mai sayen duk amfaninsu a kan wannan sharaɗi, ragowar a farashin kasuwa suke sayarwa, ga kuɗin masu zuwa duba gona da ke kansu. Peru, inda ƙananan manoma na Cajamarca da San Martín da Junín suka yi suna wajen noma ba tare da sinadari ba, ta dogara sosai da irin waɗannan tambura. Suna gaya maka yadda aka noma da yadda aka biya. Daɗi kuwa sai harshe.

Akwai kalma guda da na gani a ɓangarori biyu na kantar nan, "natural". A jakar gahawa ma'anarta a fili take: an shanya 'ya'yan da ɓawonsu, ba a wanke ba. Kowane mai sana'ar ya san abin da ake nufi. A jikin kwalbar man shafawa kuwa kalmar ba ta ɗaure kowa ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta taɓa ba ta ma'ana a kayan kwalliya ba. Akwai ƙungiyoyi masu zaman kansu a Turai, irin su COSMOS da NATRUE, da ke da ƙa'idoji da masu bincike, kuma tambarinsu na da nauyi. In babu irin wannan, hoton ganye da koren fenti ado ne.

Abin dogaro shi ne ƙananan rubutun baya. Ƙa'idar Turai da Amurka ita ce a jera abubuwan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, sai waɗanda ba su wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, su ana iya jera su yadda aka ga dama. Ke nan sunaye biyar na farko su ne ainihin abin da ka saya. Aqua ruwa ne. Butyrospermum Parkii man kaɗanya ne, an laƙaba masa sunan Mungo Park, Baturen nan da ya mutu a Kogin Kwara wajen Bussa. Parfum kalma ɗaya ce da za ta iya rufe sinadarai masu yawa. Kuma duk man da aka haɗa da ruwa dole a sa masa abin hana ruɓewa, in ba haka ba ƙwayoyin cuta su yi gida a ciki, balle a zafin ƙasarmu. Mai cewa nasa ruwa-ruwa ne kuma babu komai na adanawa, ko dai bai faɗi gaskiya ba, ko kuma kayansa haɗari ne.

Haka sabulu. Babu sabulun da ake yi ba tare da abu mai kaifi irin soda ko ruwan toka ya ci mai ba. Sabulun salo da muke saye a ƙulle-ƙulle da tokar ɓawon kokon cakulan ko na ayaba ake dafa shi, da man ƙwarar manja ko man kaɗe. Sinadari ne shi ma, na gargajiya. Yana wanke jiki tas, yana kuma busar da fata in hunturu ya kama, shi ya sa iyayenmu ke bin sa da mai. Fitowa daga tsiro ba ta hana abu cutarwa. Man ɓawon lemon tsami da na bergamot suna iya ƙona fata in an shafa an shiga rana, mu kuwa rana ba ta yi mana rowa. Garin gahawar da ake sayarwa don goge jiki yana cire matacciyar fata kamar yadda dilka ke yi wa amare, iyakarsa ke nan. Batun narkar da kitse talla ce.

Mayukan da ke zuwa daga dazukan Birazil na gaske ne, kuma masu kyau: murumuru, cupuaçu, andiroba, buriti, babaçu. Kamfanin Natura, wanda aka kafa a São Paulo a 1969, ya gina jerin kayansa na Ekos a kansu tun 2000. Amma labarin babaçu ne ya fi taɓa ni. A jihar Maranhão da maƙwabtanta mata ne ke fasa ƙwallon wannan itacen mai kama da giginya. Mace takan zauna a ƙasa ta danne gatari da ƙafa, kaifin yana kallon sama, ta ɗora ƙwallon a kai, ta yi ta duka da kulki har ya tsage ta ciro 'yan ƙwarorin ciki. Da masu kiwon shanu suka mallake filayen suka zagaye da waya, sai aka hana matan shiga, ko a ce sai sun ba da rabin abin da suka fasa. Suka haɗa kai suka yi ta gwagwarmaya, har a 1997 ƙaramar hukumar Lago do Junco ta yi dokar da ta ba su damar shiga su tsinta ko a filin wani ne. Shi ma cupuaçu, ɗan'uwan koko, wani kamfanin Japan ya taɓa yi wa sunansa rajista a matsayin mallakarsa, sai a 2004 aka soke bayan 'yan Birazil sun tayar da ƙura. Itacen pau-rosa kuwa, da aka yi ta sarewa ana tatsar mansa don turare, ya ragu har sai da aka sa cinikinsa ƙarƙashin sa idon ƙasa da ƙasa a 2010. Ashe abu na iya zama na daji zalla, kuma samunsa ya kasance zalunci ko ɓarna.

Duk wanda ya tashi inda ake man kaɗe zai gane matan Maranhão ba sai an yi masa bayani ba. Kamfanin The Body Shop ya daɗe yana sayen man babaçu a wajen ƙungiyar manoman Lago do Junco, yana kuma sayen man kaɗanya a wajen ƙungiyar mata ta Tungteiya a arewacin Gana tun 1994. Kwalba ɗaya na iya haɗa gumin su biyun. Na ga goggona tana wannan aikin. Da farkon damina, tun da asuba take fita tsintar kaɗanya a cikin ciyawa mai raɓa, inda maciji ke kwanciya. A dafa ƙwarar, a shanya, a fasa, a daka, a soya, a niƙa. Sai ta durƙusa gaban ƙwarya tana bugun ƙullin da hannu tana yayyafa ruwa, har farin mai ya taso sama kamar kumfa. In na ce ta huta sai ta ce, "'Yar nan, in hannu ya tsaya mai ya koma." Abin da take samu a curi guda bai kai kuɗin murfin kwalbar da na riƙe a Abuja ba.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan itacen kaɗanya, daga jihohin Neja da Kwara zuwa Kebbi da Kaduna, amma shekaru da dama ɗanyar ƙwara muka fi fitarwa, mafi yawanta kuma masana'antar cakulan da abinci take tafiya, ba ta kwalliya ba. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar na wata shida don a riƙa sarrafa ta a gida. Manufar daidai ce a ganina. Sai dai da aka rufe ƙofar waje farashin ƙwara ya faɗi a kasuwannin karkara, kuma mai tsinta ce ta fara ji a jikinta. Abin da Kolombiya ta yi ta riƙe sunanta, wato ƙungiya mai ƙarfi, tabbacin saye, bincike, da tambarin da doka ke karewa, shi ne ba mu yi wa kaɗanya ba. Itacen yana shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya, ana kuwa sare shi a yi gawayi a yini ɗaya.

Wuri ɗaya ne a duk wannan ciniki inda kuskure ya wuce asarar kuɗi. Gahawa marar kyau ɗaci kawai za ta yi maka. Amma mayukan haɗi da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp da sunan "organic", cikin robobi marasa jerin kayan haɗi, marasa lambar NAFDAC, marasa adireshin mai yi, da yawansu man bilicin ne aka sauya wa suna. Babu wani ganye ko man itace da ke mayar da baƙar fata fara cikin mako biyu. Abin da ke yin haka hydroquinone ne, ko magungunan steroid masu ƙarfi, ko sinadarin mercury mai lalata ƙoda. Fatar takan yi sirara, jijiyoyi su bayyana, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, rauni ya ƙi warkewa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa, kuma har jarirai ake shafa wa.

Man kaɗe na gaskiya ba ya ɓuya. Launinsa fari ne mai ɗan ratsin rawaya ko toka-toka, yana da warin hayaƙi da na ƙwara, yana narkewa da ɗumin tafin hannu ba tare da ya bar tsaki-tsaki ba. Wanda aka tace a masana'anta fari ne fat, babu wari, ya fi daɗewa a ajiye, amma ya rasa wani ɓangare na amfaninsa. Na gida in an rufe shi da kyau an kawar da shi daga rana yana kai shekara. In ya fara warin tsohon man gyaɗa, lokacinsa ya wuce, kada a shafa wa yaro.